Ɗan Mai Yadi Da Ya Tuɓe Rigarsa: Tarihin Faransis Na Asisi Da Sarkin Misira



Na san wani zai ga kan wannan rubutu ya ce, "To, shi kuma Liman me ya kai shi tarihin waliyyin Kiristoci? Namu tarihin ya ƙare ne?" Bai ƙare ba, kuma ba zai ƙare ba. Amma ku saurari dalilina. A littafin bashi na shagona akwai mutum uku masu suna Faransis. Shekara da shekaru ina rubuta sunan nan, ban taɓa tambayar kaina wane ne mai shi na asali ba. Mu in an ce Abubakar ko Usman, yaro ma ya san wanda aka yi wa takwara. Su kuma maƙwabtanmu da muke kwana muna tashi tare da su a nan Mararaban Rido, sunayensu kawai muka sani, ba mu san abin da ke bayan sunayen ba.

Wata rana wani tsohon malamin makaranta, mutumin wajen Zonkwa, ya zo sayen atamfar Kirsimeti ta iyalinsa. Muna cikin ciniki na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai mai sunan ɗan sana'arku ne, mahaifinsa yadi yake sayarwa. Kuma ya taɓa shiga wurin sarkin Musulmi ana tsakiyar yaƙi, ya fito da kansa a wuyansa." Wannan magana ta tsaya mini a rai. Bayan sati biyu ya kawo mini littattafai, yarona mai karatun boko ya riƙa karanta mini da dare, ni kuma na duba abin da malaman tarihinmu na Larabci suka faɗa kan wannan yaƙi. Abin da na tattara shi ne na kawo muku.

Ruhbanawa ba baƙi ba ne a karatunmu

Duk wanda ya yi karatun Sira ya san Bahira, ruhbanin Busra da ya ga Annabi (SAW) yana yaro cikin ayarin Abu Ɗalib. Ya san Salmanul Farisi, wanda ya yi ta hidima daga hannun wannan malamin Kirista zuwa wancan kafin Allah ya kawo shi Madina. A Suratul Ma'ida, aya ta 82, Allah ya ambaci malaman Nasara da ruhbanawansu da rashin girman kai. A Suratul Hadid kuma, aya ta 27, an bayyana cewa ruhbananci su suka ɗora wa kansu, ba a wajabta musu ba, kuma ba su kiyaye shi yadda ya kamata ba. Sayyidina Abubakar da zai tura runduna Sham, cikin wasiyyarsa har da cewa a ƙyale mutanen da suka tsare kansu a ɗakunan ibada. Wato addininmu ya san mutanen nan, ya faɗi inda suka dace, ya faɗi inda suka zarce. Da wannan ma'aunin zan auna Faransis.

A ƙasar Turai tsarin ruhbananci ya kafu ne a kan ƙa'idar wani mai suna Benedik, wanda ya kafa gidan ibadarsa a Monte Kasino ta Italiya wajen shekarar 529. Mabiyansa sukan zauna wuri guda har mutuwa, ba aure, ba dukiyar kai, sai addu'a da noma da kwafar littattafai. Da tafiya ta yi nisa, mutane suka yi ta ba gidajen nan gonaki da kyauta, har ya zama ruhbani shi kansa ba shi da komai amma gidan da yake ciki ya fi sarki arziki. A irin wannan zamani aka haifi Faransis.

Ɗan gata

An haife shi a 1181 ko 1182 a Asisi, wani ƙaramin gari a gefen tsauni a tsakiyar Italiya. Domin ku gane nisan zamanin, Shehu Abdulƙadir Jilani ya rasu a 1166, kimanin shekara 15 kafin haihuwarsa. Kano kuwa sai bayan shekara fiye da 150 Wangarawa suka iso ta a zamanin Sarki Yaji.

Mahaifinsa Biyetro Barnadone babban ɗan kasuwar yadi ne, yana fatauci har Faransa. Yana can ma aka yi haihuwar, uwar ta sa wa yaro Jobanni, wato Yahaya. Da uban ya dawo sai ya riƙa kiransa Faransesko, ɗan Faransa ke nan, sunan kuma ya bi shi. Yaro ya tashi cikin daula. Yana zaman shago da rana, da dare shi ne shugaban samarin gari wajen shagali da waƙe-waƙe da ɗinkuna masu tsada. Irin yaron nan ne da kowa ya sani: kuɗin uba, hannu a sake, abokai kamar ƙudaje.

Burinsa ya zama barde. A 1202 yaƙi ya tashi tsakanin Asisi da maƙwabciyarta Feruja. Ku lura, garuruwan nan biyu addininsu ɗaya, harshensu ɗaya, daga wannan kana iya hango wancan. Aka ci Asisi da yaƙi, aka kama Faransis, ya yi kusan shekara a kurkuku kafin ya fito. Ya dawo gida ya kwanta ciwo mai tsanani. A 1205 ya sake ɗaura ɗamarar yaƙi zai tafi kudancin Italiya, amma yana isa Sifoleto ya juyo gida, mutane na yi masa dariya.

Abin da ya juya shi gaba ɗaya shi ne kutare. A wancan lokaci ana ware su a bayan gari, shi kuma ko hango su ba ya iya yi. Shi da bakinsa, a wasiyyar da ya bari kafin ya mutu, ya nuna cewa tubansa ya soma ne daga ranar da ya shiga cikinsu ya yi musu hidima, abin da yake ƙyama ya koma masa abin so. A nan na ajiye littafin na yi shiru. Mu nawa ne muke jefa wa kuturu ko makaho naira hamsin daga nesa, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi sunansa ba?

Shari'ar uba da ɗa

Akwai wani tsohon coci da ya zube a bayan gari, ana kiransa San Damiyano. Kiristoci suna cewa a can ya ji kira cewa ya gyara ɗakin ibadar. Sai ya shiga shagon uban ya kwashi yadi, ya ɗora wa doki, ya tafi kasuwar Folinyo ya sayar da yadin har da dokin, ya kawo wa fadan cocin kuɗin. Fada ya ƙi karɓa, don ya san uban yaron.

Uban ya fusata. Ya kulle shi a gida, uwa ta buɗe shi, daga ƙarshe magana ta kai gaban Bishop Gido na Asisi a 1206. Bishop ya yanke cewa ya mayar da kuɗin. Faransis ya mayar. Sannan a gaban taron jama'a ya tuɓe tufafin jikinsa duka, ya ajiye a gaban mahaifinsa, ya bayyana cewa daga yau ya fita daga gadonsa da sunansa, ya dogara ga Ubangiji kaɗai. Bishop ne ya rufe shi da alkyabbarsa.

To, jama'a, a nan ni da malamin makarantar nan muka yi doguwar muhawara. Shi yana ganin jarunta. Ni kuwa mai sayar da yadi ne kuma uba, sai zuciyata ta tafi wurin Biyetro. Mutum ya ƙetare duwatsu ya sayo kaya, ya tara don ɗansa, ɗan ya kwashe ba izini, sannan ya tsinka shi a bainar jama'a. A shari'armu ba a yin sadaka da dukiyar wani, ko da ta uba ce, sai da yardarsa. Haƙƙin iyaye kuma ba ya faɗuwa ko da sun saɓa maka a addini. Littattafan da suka ba da tarihinsa ba su kawo ranar da uba da ɗa suka shirya ba. Wannan ban yaba ba, kuma na gaya wa abokina haka, bai ji haushi ba.

Amma akwai abin da ya kamata mu iyaye mu ɗauka. Biyetro ya ba ɗansa komai na jiki, bai lura da yunwar da ke cikin zuciyar yaron ba. Da yaron ya dawo daga kurkuku ya canza, uban riba da asara kawai yake lissafi. Yaranmu da yawa haka suke yau. Wani yunwar nan ta kai shi ga ƙwaya, wani ta kai shi hannun mai wa'azin da zai cusa masa ƙiyayya, mu kuma muna kasuwa.

Ƙananan 'yan'uwa

Faransis ya koma sa riga ɗaya ta ulu marar rini, ya ɗaure ƙugu da igiya. Yana gyaran tsofaffin coci da hannunsa, yana jinyar kutare. Mutanen gari suka ce ya haukace. Ba a jima ba wani attajirin garin mai suna Barnado ya rabar da dukiyarsa ya bi shi, wasu suka biyo baya. A 1209, suna kimanin goma sha biyu, suka tafi Rum wurin Fafaroma Inosan na Uku, ya yi musu izini da baki. Suka kira kansu ƙananan 'yan'uwa. A 1212 wata 'yar manyan gida mai suna Kilara ta bi wannan hanya, daga gare ta ɓangaren mata ya samo asali.

Bambancinsu da ruhbanawan da shi ne ba su kulle kansu a gida ɗaya ba. Suna yawo bibbiyu cikin garuruwa da kasuwanni, suna kiran mutane ga tuba da sulhu, gaisuwarsu kuma fatan salama ce. Dokarsu ita ce kowa ya yi aiki da hannunsa, a biya shi da abinci, in ba a biya ba ya yi bara ƙofa ƙofa. Kuɗi kuwa ko taɓawa an hana su. Ɗan kasuwa ne ya kafa wannan doka, wanda ya san abin da kuɗi ke yi wa zuciya.

Nan ma hanyarmu daban. Musulunci bai hana aure ba, bai hana kasuwa ba. Abdurrahman ɗan Aufu da ya isa Madina hanyar kasuwa ya tambaya. Annabi (SAW) ya fifita wanda ya ɗauki igiya ya yi itace ya sayar a kan mai roƙo. Zuhudu a wurin malamanmu shi ne dukiya ta zauna a hannu, kada ta shiga zuciya. Sai dai in mun faɗi gaskiya, mu da muke da wannan daidaitacciyar hanya, nawa ne cikinmu suka tsaya a kanta? Mai rage awo da mai ɓoye aibin kaya da mai rantsuwar ƙarya a kan farashi ba su da bakin yi wa mai riga ɗaya dariya.

Dimyat, shekarar 1219

Yanzu ga inda tarihinsa ya haɗu da namu. Salahuddin Al-Ayyubi ya karɓo Ƙudus a 1187. Turawa suka yi ta shirya rundunoni don su ƙwace ta. A yaƙin Salibiyya na biyar suka yanke shawarar su fara karya Misira, don ita ce ƙarfin daular Ayyubawa. A 1218 suka sauka a bakin Kogin Nilu suka kewaye birnin Dimyat. A shekarar ce Sarki Al-Adil, ɗan'uwan Salahuddin, ya rasu, nauyin kare Misira ya faɗo kan ɗansa Al-Malikul Kamil. Bai gaji abin da daɗi ba: abokan gaba a ƙofa, wasu manyan sojojinsa suna ƙulla masa juyin mulki, mutanen Dimyat yunwa da annoba na cinye su. Daga gabas kuma, a 1219 ɗin nan ne Jankiz Khan ya auka wa ƙasar Khawarizm.

Cikin wannan hali Faransis ya iso sansanin Turawa a 1219, daidai da 616 bayan Hijira. Masu tarihinsa sun ce ya gargaɗe su kada su fita wani hari, ba su ji ba. Ranar 29 ga Agusta suka fita, aka yi musu mummunar ɓarna. Bayan haka aka ɗan tsagaita wuta, a nan ne shi da abokinsa Iluminato suka taka da ƙafa, ba takobi ba garkuwa, suka nufi sansanin Musulmi. Sojoji suka kama su suka kai su gaban Sarki.

Kada mu yi wa tarihi kwaskwarima. Faransis bai je taron fahimtar juna irin na yau ba. Ya je ne ya kira Sarki zuwa addinin Kirista, kuma ya shirya a kashe shi a kan haka. Sarki Al-Kamil kuma bai karɓi kiran ba, ya rayu Musulmi ya mutu Musulmi. Mutum ne mai son ilimi da malamai, shi ya gina ƙubbar da ke kan kabarin Imam Shafi'i, shi ya gina Darul Hadis Al-Kamiliyya a Alƙahira. A ƙasarsa akwai Kiristoci Kibɗawa masu yawa, saboda haka ganin ruhbani ba sabon abu ba ne a wurinsa.

Abin da aka tabbatar shi ne wannan: Sarki ya karɓe shi, ya saurare shi na wasu kwanaki, sannan ya sa aka raka shi ya koma sansaninsu lafiya. Wanda ya fara rubuta labarin shi ne Yakubu na Bitiri, Bishop na Akka, wanda yake cikin rundunar a lokacin, a wata wasiƙa ta 1220. Wani littafin Turawa na zamanin ya ce malaman fada sun ba da shawarar a sare kawunansu, Sarki ya ƙi. An kuma ce ya yi masa tayin kyauta mai yawa, Faransis bai karɓa ba. Labarin da wasu ke bayarwa cewa ya nemi a hura wuta shi da malamai su shiga don a ga mai gaskiya, wannan sai bayan shekara arba'in da wani abu ya bayyana a rubuce, a littafin Bonabentura. Malaman tarihinmu kuwa, irin su Ibnul Asir da ya rayu a zamanin kuma ya ba da labarin yaƙin Dimyat, ba su ambaci ziyarar ba. Wataƙila a wurinsu wani matalaucin ruhbani ne kawai ya zo ya tafi.

Ni abin da ya kama ni shi ne mutum biyu, kowanne ya tabbata shi ke kan gaskiya, kowanne an kashe masa mutane jiya jiya, suka zauna suka yi magana, aka tashi ba jini. Ɗaya bai zo da zagi ba, ɗayan bai yi amfani da ƙarfin da yake da shi ba.

Abin da ya biyo baya

Yaƙi bai tsaya don wannan zama ba. Al-Kamil ya yi wa Turawa tayin ya ba su Ƙudus su fita daga Misira, wakilin Fafaroma mai suna Felajiyus ya ƙi. A Nuwamban 1219 Dimyat ta faɗi. A 1221 suka nufi Alƙahira, a kusa da Mansura ambaliyar Nilu ta tarar da su, Musulmi suka buɗe madatsun ruwa suka yanke musu hanya. Ga su cikin taɓo, ba abinci, ba mafita. Sarki yana iya gamawa da su. Maimakon haka ya karɓi sulhu na shekara takwas, suka mayar da Dimyat, ya riƙa aika musu da burodi, dabbobinsu ma ya aika musu da sha'ir. Wani malamin cocinsu da ke cikin rundunar, Oliba na Fadabon, shi da kansa ya rubuta yana yaba wannan karamci. Shaidar abokin gaba ta fi ta masoyi nauyi.

Shi kuma Faransis, a ƙa'idar da ya tsara wa mabiyansa a 1221, ya keɓe babi na 16 kan masu tafiya ƙasashen Musulmi. Hanya ta farko da ya nuna musu ita ce kada su yi jayayya ko rigima, su zauna da tawali'u a ƙarƙashin mutanen wurin, ba tare da sun ɓoye cewa su Kiristoci ne ba. Wa'azi sai in sun ga lokacinsa ya yi. A wata wasiƙa da ya aika wa masu mulki kuma ya nemi a sa mai shela ko wata alama kowace yamma don jama'a su yabi Ubangiji. Wasu masana na ganin kiran sallar da ya ji a Misira ne ya zauna masa a rai.

Ku kwatanta da wasu mabiyansa biyar da suka tafi Maroko a daidai wannan lokaci. Su sun shiga da suka ga Musulunci da Annabinsa a fili, aka kore su suka dawo, aka sake korarsu suka sake dawowa, har aka kashe su a Marrakish a Janairun 1220. Riga iri ɗaya, ƙungiya ɗaya, amma harshe ya raba makomarsu.

Ƙarshensa

Da ya dawo Italiya ya tarar mabiyansa sun kai dubbai, rigimar shugabanci ta shigo. A 1220 ya sauka daga jagoranci ya miƙa wa wani. Ciwon ido ya kama shi har ya kusa makancewa, aka yi masa lalas da ƙarfe mai zafi bai warke ba. Yana cikin wannan jinya ya sasanta Bishop na Asisi da hakimin garin da suka yi rigima. Ya mutu ranar 3 ga Oktoba 1226, yana da kimanin shekara 44, bayan ya nemi a kwantar da shi a kan ƙasa tsura. A 1228 Fafaroma Giregori na Tara ya sa shi cikin waliyyansu, aka soma gina katafaren coci a kan kabarin mutumin da bai yarda ya mallaki ɗaki ba. Mabiyansa kuma suka yi ta rikici kan ma'anar talaucin da ya bar musu, har a 1318 aka ƙone huɗu daga cikinsu a Marsiliya. Wannan ma darasi ne ga duk almajiran da shehinsu ya rasu ya bar musu suna. Al-Kamil ya rasu a Dimashƙa a 1238.

Sunan bai mutu ba. A 2013 sabon Fafaroma ya zaɓi a kira shi Faransis. A Fabrairun 2019, shekara 800 bayan Dimyat, shi da Shehin Azhar, Ahmad Aɗ-Ɗayyib, suka sa hannu a takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam a Abu Dabi.

Mu fa?

Ba sai na tuna wa kowa abin da ƙasar nan tamu ta gani ba. Kafanchan a Maris 1987, abin da ya soma daga Kwalejin Ilimi ya watsu har Zariya da Kaduna. Zangon Kataf a 1992, a kan maganar kasuwa. Kaduna a 2000 da 2002. Zonkwa da Kafanchan a Afrilun 2011. Babu gidan da ke unguwar nan da bai da wanda yake tunawa, haka kuma gidajen da ke tsallaken titi.

A rikicin 2000 ina saurayi, na taso daga cin kasuwa da kayana, hanya ta rufe. Wata mata Kirista da nake bin ta kuɗin turmi biyu ita ta ja ni ɗakinta, ta rufe ni da buhunan citta, na kwana biyu. Da lokacin salla ya yi ta kawo mini ruwa a kwano ba tare da na roƙa ba. Da ta miƙa ni, da bashi ya mutu. Amma ga abin kunyata: da abu ya lafa na koma cikin 'yan'uwana, aka zauna ana yi wa mutanenta kuɗin goro ana zaginsu, ban buɗe baki na ce akwai wadda ta cece ni ba. Tsoro ya hana ni. Shi ya sa da na ji labarin mutumin da ya taka ya ƙetare fagen yaƙi da ƙafarsa, da Sarkin da ya ƙi bin shawarar masu cewa a kashe, na san ƙaramin matsayina.

Irin waɗannan mutane ba a Misira kaɗai suke ba. A nan Kaduna Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun yaƙi juna a da, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwa, ɗaya ya rasa hannu, daga baya suka haɗu suka kafa cibiyar sasanci. A Yunin 2018, a Nghar Yelwa ta ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Bai rage komai daga addininsa ba. Addinin ne ma ya tsayar da shi a ƙofar.

Ban ce kowa ya bar aƙidarsa ba. Abin da ya raba mu da su a kan Annabi Isa (AS) yana nan, ba za mu ɓoye ba, su ma ba sa ɓoyewa. Al-Kamil bai sassauta tauhidinsa ba don ya karrama baƙo. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Mai wa'azi a cikinmu ya san cewa lasifika ba ta tsayawa a bakin katangar masallaci, ya bayyana gaskiya ba da zagi ba, domin Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa. Saƙon da ya shigo waya da dare cewa ga su nan tafe, a bincika kafin a tura. In an yi rasuwa a gidan maƙwabci, a taka a je a yi masa gaisuwa tun ana zaman lafiya, domin ƙafar da ba ta saba da hanya ba ba za ta gane ta ranar tashin hankali ba. Mu 'yan kasuwa kuma mu cika mudu ga kowa, mai hula da marar hula.

Wancan tsohon malami ya dawo karɓar littattafansa. Na ce masa na karanta, akwai inda na yarda da mutuminku, akwai inda ban yarda ba. Ya ce shi ma yana so in ba shi tarihin Shehu Usman Ɗanfodiyo ya karanta. Na ba shi, har yanzu bai dawo da shi ba, ni kuma ban tambaya ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, malamai su gyara mini. Allah ya zaunar da unguwarmu da jiharmu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya sa mu cika da imani. Amin.